Akwatin da Aka Farke a Filin Jirgi

Ƙarfe goma na safe aka dire akwatin a teburin Sufeto, a ofishin 'yan sanda na filin jirgi. Shuɗi ne, an farke gefensa daga sama har ƙasa. Mai shi, wata 'yar kasuwa da saukarta ke nan daga ƙasar waje, sai huci take.

"Sabo fil na saye shi! Ga ɓarawon nan, ku matse shi."

Dogo take nunawa, mai lodin kaya, shekararsa goma sha ɗaya a aikin. Manaja ya riga ya karɓe katinsa, ya ce in ba a samo mai laifi kafin azahar ba, korarre ne.

"Me aka ɗauka, Hajiya?" in ji Sufeto.

"Tsarabar surukata. Alewa ce kawai."

Sufeto ya zura hannu ciki. Turare na nan, sabuwar waya na nan a kwalinta. Ya shinshina yatsunsa, ya ji ƙaurin hayaƙi.

"Alewa mai maiƙo? Hajiya, kada ki ɓata mini rana."

Ta kawar da kai. "Kyafaffen nama ne, kilo uku. Tsohuwa ta ce kada in tako mata gida ba shi. Na san an hana shigo da shi, shi ya sa na naɗe shi a zannuwa."

Sufeto ya ja tsaki, ya juyo kan Dogo.

"Wallahi, yallaɓai, a farke ya zo hannuna daga ɗakin bincike."

"Saje, kawo hoton kyamarar ɗakin."

"Ai wata biyu ke nan da lalacewarta, yallaɓai."

Sufeto ya dafe kai. Sha biyu ta gota. Ya kifa akwatin yana bin yankan da yatsa. Wuƙa ce, ba shakka. Amma kusa da taya akwai 'yan huji huɗu a jere, waɗanda wuƙar ba ta bi ta kansu ba.

A ɗakin bincike ya tarar da jami'in da ke riƙe da karen shinshina kaya.

"Ina karenka?"

"Yana hutu, yallaɓai. Yau ko fitowa bai yi ba."

Sufeto ya wuce shi zuwa keji. Karen na kwance, ciki ya yi tum, kwanon abincinsa cike bai taɓa ba. Da ya yi hamma, ga shuɗin zare maƙale a haƙorinsa.

"A hutun ya ci akwati?"

Jami'in ya zube a benci. "Karo na biyu ke nan da ya yi ɓarna. An ce in ya ƙara, allura za a yi masa ya mutu. Shekara shida muna tare, yallaɓai. Shi ya sa na bi sawun haƙoran da wuƙa."

"Sauran naman fa?"

"Yana jakata. Na ga kada a yi asara."

"Kana kallo za a kori mutum mai iyali, ka yi gum?"



Nan take manaja ya mayar wa Dogo katinsa, ko haƙuri bai ba shi ba. Hajiya kuwa, da ta nemi a ba ta ragowar namanta, Sufeto ya nuna mata ƙofar kwastan.

Saje ya danna wa jami'in ankwa, ya tasa shi gaba. A bakin ƙofa jami'in ya waiwayo.

"Yallaɓai, don Allah kada a ba wa karen abinci yau. Ruwa kawai."