Kowace Kalma Da Turkenta

A garin Nguru, lokacin da jirgin ƙasa bai daɗe da fara zuwa ba, an yi wata yarinya mai kaifin kai. Abu ɗaya ke damunta: ta san tana da kaifin kan.

Tana zaune da kakarta, Gogo. Katanga ɗaya ce ta raba su da gidan wani kafinta, mutumin Ikko, mai suna Bilya. Shi kuma yana tare da tsohuwarsa, wadda duk unguwa ke kira Iya.

An haifi Iya a wata ƙasa mai nisa da ake kira Burazil. Tana ƙarama aka kawo ta Ikko a jirgin ruwa. Da can tana jin Hausa, har tana raba wa yara ƙosai tana yi musu wasa. Sai ta yi wata doguwar jinya. Da ta tashi, idonta ya dushe, hannunta na rawa. Hausa da Yarbanci duk suka gudu daga bakinta. Ba abin da ya rage sai harshen ƙuruciyarta, wato Fotugis.

Allah sarki! Duk Nguru, ɗanta kaɗai ke jin abin da take faɗa.

Wata safiya a cikin bazara, Baba Bilya ya yi sallama da Gogo.

Ya ce, "Gogo, an kira ni aikin ƙofofi a Gashuwa. Zan ɗan kwana biyu. Amma wa zan bar wa Iya?"

Kafin Gogo ta buɗe baki, yarinya ta yi caraf ta ce, "Ni! Baba, koya mini yarenta."

Baba Bilya ya yi murmushi. Ya ce, "Ba ta doguwar magana yanzu. Kalma ɗaya take faɗa. In ta ce beber, sha take so. Komer, ci. Dormir, barci. Abrir, a buɗe. Andar, tana son ta ɗan taka. In kuma ta ce fika, wato ki zauna, kada ki tafi."

Yarinya ta maimaita su tsaf, ba gargada.

Gogo ta ce, "Ni kunnena ya tsufa, ba zai ɗauki wannan ba. Amma zo nan, 'yar nan. Da ina kiwo a wajen Dapci, kin san yadda nake gane akuyar da ba ta dawo ba?"

"A'a."

"Kowace akuya da turkenta. In na ga turke ba kowa, na san wadda ta ɓata. Kalma ma haka take. Je ki randa, ki sha ruwa, ki faɗi ta sha. Je ki murhu ki faɗi ta ci. Ta barci ki ɗaure ta a tabarma, ta buɗewa a ƙyaure, ta tafiya a sandar Iya. Kullum da safe ki zaga ki gaishe su."

Yarinya ta zaga sau ɗaya, tana dariya. Ta ƙarshen ce ba ta sama wa turke ba. Ta ce a ranta, wannan ai mai sauƙi ce.

Baba Bilya ya tafi. Kwanakin farko komai ya tafi daidai, don Iya ba ta cika magana ba. Yarinya takan kai mata kunu, ta share ɗaki, ta dawo.

Gogo takan tambaye ta, "Kin zaga turakunki?"

"Haba Gogo! Kaina ba kwando ba ne."

"To, ja'ira. Akuyar da ba a duba ta, kura ke duba ta."

Yarinya ta turo baki. Ko a jikinta.

Ranar nan Gogo ta tafi barkar haihuwa. Rana ta take, ƙasa kamar garwashi. Yarinya na ɗakin Iya, sai ta ji kukan jirgi daga nesa. Ta ji ƙawayenta suna gudu a lungu, za su tasha kallo. Zuciyarta ta bi su.

Daidai nan Iya ta ɗaga kai. A hankali ta ce, "Beber."

Yarinya ta tsaya. Ta san ta taɓa jin kalmar. Amma ta ci ce, ko ta barci? Duk sun cakuɗe mata. Jirgi ya sake kuka.

Ta ce, "Yauwa, barci ne!"

Ta kwantar da Iya, ta gyara mata matashi. Iya ta kama bakin zaninta, ta ce, "Beber. Fika."

"To, Iya, yi barcinki," in ji yarinya. Ta zare zaninta, ta ja ƙyaure, ta ruga.

Kai, ta sha kallo! Ta ga ana sauke kananzir, ana loda fatu da gyaɗa. Ba ta tuna da gida ba sai da aka kira la'asar.

Ta tura ƙyaure. Tabarma ba kowa. Ga Iya can a ƙasa, kusa da randa. Ta rarrafa da kanta. Moɗa ta kuɓuce mata, ta gangara bayan ƙofa. Leɓenta ya bushe, gwiwarta ta kuje.

Yarinya ta dubi randa, ta dubi Iya. Sai kalmar ta faɗo mata, kamar an jefo ta.

"Beber! Wayyo Allah, ruwa take so!"

Ta ɗebo ruwa, ta tallabi kan Iya, ta ba ta kaɗan kaɗan. Iya na sha, yarinya na kuka. A haka Gogo ta same su.

Gogo ba ta dake ta ba. Ta wanke gwiwar Iya, ta shafa mata man shanu. Suka kama ta suka mayar kan tabarma. Sannan ta ce, "Da na sani ƙeya ce, 'yar nan. Kuka ba ya dawo da akuya. Tashi ki nemo su."

"A ina, Gogo? Baba Bilya yana Gashuwa."

"Mai yaren ba ga ta nan ba?"

Washegari da sassafe yarinya ta je. Ta durƙusa ta gaida Iya. Ta ɗebo ruwa, ta sa mata moɗa a hannu, ta ce, "Beber." Iya ta gyaɗa kai.

Ta kawo kunu daga murhu, ta tsaya tana jira. Iya ta sansana, ta ce, "Komer."

Ta kaɗa ƙyaure ya yi ƙara. "Abrir," in ji Iya. Ta sa mata sanda a hannu. "Andar." Ta bubbuga tabarma. Iya ta ce, "Dormir," sai ta yi dariya. Rabonta da dariya tun kafin jinya.

Daga ranar, ko fuska yarinya ba ta wankewa sai ta zaga turakunta. Jirgi ya yi ta kukansa, ita ba ruwanta.

Amma saura ɗaya. Kullum in za ta tafi gida, Iya takan ce, "Fika." Yarinya ta kawo ruwa, ba shi ba. Ta kawo mafici, ba shi ba. Abin ya dame ta ƙwarai.

Da Baba Bilya ya dawo, ita ta fara tarar sa a zaure. Ta faɗa masa duk abin da ya faru, kanta a ƙasa.

Ya ajiye kayansa. Can ya ce, "Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Amma kin faɗi gaskiya, kuma kin gyara. Allah ya yi miki albarka."

"Amin, Baba. Mene ne fika? Ita ce ban ɗaure ba."

"Zauna, kada ki tafi."

Yarinya ta tuna ranar da ta zare zaninta. Idonta ya cika da ƙwalla.

Ta shiga ɗaki, ta zauna kusa da Iya. Gogo ta leƙo ta ce, "To, wannan a wane turke za ki ɗaure ta?"

Yarinya ta kama hannun Iya, ta riƙe. Ta ce, "A nan."

"Fika," in ji Iya.

"Ina nan, Iya. Ba inda za ni."

Iya ba ta jin Hausa kuma, amma wannan ta ji. Ta matse hannun yarinya, ta yi murmushi, har barci ya ɗauke ta.

Yara, kaifin kai kaɗai ba ya riƙe karatu. Abin da kuka koya, ku sama masa turke, ku riƙa duba shi kullum. Ba ku san ranar da wani zai buƙace shi a wurinku ba.