Gurasar da Barnaba Ya Bari Ta Wuce

Farantin gurasa ya iso layin samari daidai lokacin da Afiniki ta ɗago kai daga addu'a.

Lahadin Jibin Ubangiji ce, ranar da ake raba wa masu bi gurasa a majami'a, kuma a sujadar nan ce Fasto Audi ya karanta sanarwar aurenta da Barnaba karo na biyu. Saura sanarwa ɗaya a ɗaura. Daga bencin mawaƙa tana hango angon nata sarai, cikin shadda ruwan toka, kansa a sunkuye. Mai riƙe da farantin kuwa mahaifinta ne, Dattijo Ɗantsoho.

Ya miƙa wa Barnaba.

Barnaba bai ɗago hannu ba.

Dattijo ya ƙara matso da farantin, a zatonsa yaron ya yi nisa ne cikin addu'a. Sai Barnaba ya girgiza kai a hankali, ya naɗe hannuwansa a ƙirji.



Majami'arsu ta Daura ƙarama ce, kowa ya san kakan kowa. Kowa kuma ya san mai baftisma ba ya barin gurasa ta wuce shi sai in akwai nauyin zunubi a zuciyarsa. To, saurayin da aurensa ya matso, wane zunubi mutane za su kawo a ransu? Abin haushin, ba shi aka juya aka kalla ba. Ita aka kalla, tun daga fuska har zuwa ciki.

Briskila ce zaune kusa da ita, wadda duk ƙungiyar mawaƙa ta san ta daɗe tana yi wa Barnaba kwalliya a banza. Ta karkato, murya ƙasa-ƙasa.

"Ayya... shi dai ya ji tsoron Allah. Ke kuma har kin haɗiye taki?"

Da suka koma gida, ko kallabin zumunta Mama ba ta cire ba ta ja Afiniki ɗaki ta tura ƙofa.

"Wata nawa?"

"Mama..."

"Na ce wata nawa ne?"

"Allah ne shaidata, Mama, ko hannuna bai taɓa riƙewa ba sai a gaisuwa."

"To aman da kika yi a wajen koyon waƙa fa? Briskila ta gaya wa uwarta, uwarta ta gaya wa rabin Zumuntar Mata tun ba a fita daga harabar majami'a ba."

"Zazzaɓi ne. Ke da kanki kika ba ni magani."

Mama ta zauna a bakin gado, ta zuba wa farar rigar auren da ke rataye bayan ƙofa ido.

"Ni ce shugabar zumunta. Ni nake buɗe baki in ce 'yar wance ba za ta sa fara ba. Yau ga maganar ta shigo ɗakina."

Daga tsakar gida Dattijo ya yi gyaran murya. Bai shigo ba, bai kuma kira sunan kowa ba.

"A gaya wa yaron nan, in bai zo ya yi wa dattawa bayani kafin Lahadi ba, babu sanarwa ta uku. 'Yata ba za ta sa farar riga a kan zargi ba."

Afiniki ta kira Barnaba har ta gaji. Wayarsa a kashe.

Washegari da safe ta shiga motar Kongolam, garin bakin iyaka. A can yake da ɗan shago kusa da inda manyan motoci ke tsayawa, yana caji, yana gyaran waya, yana tura wa direbobi waƙoƙi da finafinai. Ta same shi zaune, idanunsa jajur. Yana ganinta ya miƙe ya nufi ƙofa.

"Bar ta a buɗe," ta ce. "Abin da ake faɗa a kaina ya isa."

"Masoyiyata, zauna..."

"Kada ka kira ni haka yau. Yaya Barnaba, ka san me ake cewa? An ce ciki gare ni. Uwata ta tambaye ni wata nawa. Ni da nake hana ka zama kusa da ni a kan tabarma ɗaya!"

Ya dafe kai.

"Ban yi tunanin ke za a kalla ba."

"Ba ka yi tunani ba. To me ka yi? Wata ce?"

"Babu wata."

"To me?"

Ya mai da idonsa kan wayoyin da ke jere a kan katako.

"Direbobin nan ba waƙa kaɗai suke so a tura musu ba. Akwai finafinan batsa. Da farko na ce wa kaina sana'a ce, turawa kawai nake, ba ruwana. Sai na fara dubawa, wai in ga ko ya shiga. Daga baya... ba na jiran kowa ya kawo waya."

Afiniki ta ja da baya. Ta riƙe bakin ƙofa.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin in fara zuwa gidanku."

"Ranar da iyayenka suka kawo gaisuwa fa?"

Ya gyaɗa kai.

"Ranar da muka tsaya gaban Baba Fasto ya ɗora mana hannu?"

Ya sake gyaɗa kai, hawaye na bin gemunsa.

"Na sha gogewa, Afiniki. Na yi azumi. Sai in koma. Na ce in mun yi aure zai wuce."

"Au, ashe ni magani ce?" Ta yi wata dariya marar daɗi. "Ka gaya mini, in ka kalle ni wa kake gani? Ni, ko su?"

Wannan tambayar ce ta durƙusar da shi a ƙasa.

"Jiya da Baba Fasto ya ce kowa ya binciki zuciyarsa kafin ya miƙa hannu, sai na ga Babanki tsaye a gabana. Zai ba ni gurasar Ubangiji, zai kuma ba ni 'yarsa, bai san wanda yake bai wa ba. Hannuna ya ƙi tashi." Ya share fuska. "Amma akwai mafita. Zan iya ce wa dattawa faɗa na yi da wani a tasha, ban shirya da shi ba. Za su yarda. A yi sanarwa, ki sa rigarki, bakin kowa ya mutu."

Gaskiya sai da zuciyarta ta karkata. Ta hango fuskar Mama ta washe, ta hango Briskila ta rasa bakin magana. Magana ɗaya tak, komai ya koma daidai.

"Ka ƙi gurasa don kada ka yi wa Allah ƙarya," ta ce a hankali, "sannan ka je ka yi wa dattawa?"

"In na faɗi gaskiya Babanki zai hana ni ke."

"Zai iya."

"Ke fa?"

"Ban sani ba, Yaya. Yau dai ba na son ganin fuskarka."

Ta juya ta tafi, ba ta waiwayo ba. Sai da mota ta wuce Mai'aduwa sannan kukan ya ƙwace mata.

Duk makon nan ba ta gaya wa kowa ba. Mama ta yi lallashi, ta yi faɗa, Afiniki ta ce maganar ba a bakinta take ba. A rijiya, a wajen niƙa, matan ikilisiya sai su gaishe ta da wata irin "sannu, ya jiki?" mai ƙona rai. Shi kuwa Barnaba ko ɗuriyarsa babu.

Lahadi ta zo, majami'a ta cika fiye da kullum. Mutane dai ba su da dama, har waɗanda suka manta hanyar sujada sun zo. Fasto Audi ya karanta sanarwa duka ya ajiye takarda, babu ta aure. Briskila ta yi ɗan tari.

Afiniki ta runtse ido. Shi ke nan, ya gudu ya bar ta da kayan.

"Ɗan'uwanmu Barnaba ya zo wurina jiya," in ji Fasto. "Na ce abin da ya faɗa ya tsaya tsakaninsa da dattawa. Ya ce a'a. A gaban jama'a aka ɓata sunan yarinya, a gaban jama'a zai wanke shi."

Barnaba ya taso daga can baya. Har bakin ƙofa ana jin muryarsa.

"Afiniki ba ta da laifi. Ban taɓa saninta ba, ba ta taɓa ba ni fuska ba. Laifin nawa ne ni kaɗai. Na daɗe ina kallon finafinan batsa, ina kuma tura wa wasu. Na yi wa Allah zunubi, na ci amanar wadda zan aura, na jawo mata zagi. Ina roƙon gafara."

Majami'a ta yi tsit. Wata tsohuwa ta ce "Yesu mai ceto" ta rufe baki. Dattijo Ɗantsoho ya ƙura wa ƙasa ido, jijiyar wuyansa ta tashi.

Fasto Audi bai ɗaga murya ba.

"Kada wani ya ce ai kallo ne kawai. Ubangijinmu bai tsaya ga hannu ba, har ido da zuciya ya tuhuma. Waɗanda ake kallo ɗin nan 'ya'yan wasu ne, Allah ya yi su cikin kamanninsa, ba don a mai da su abin kallo ba. Aure kuma ba asibiti ba ne, kada wani ya kwashi cutarsa ya kai wa 'yar mutane. Barnaba zai shiga horo. Zai koma bencin baya, ba zai ci Jibi ba sai dattawa sun ga tubansa." Ya dubi layin maza ya daɗe. "Amma ina tambaya, nawa ne a nan suke da irin wannan a aljihu, suka miƙa hannu makon jiya ko gezau?"

Babu wanda ya motsa.

Fasto ya juya wajen mata.

"Waɗanda kuma suka ɗora wa yarinya cikin da ba ta da shi, ina jiransu su ma."

Briskila ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

A gida Dattijo bai tsaya dogon zance ba.

"An fasa. A mayar musu da kayansu."

Afiniki ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ban ce a ɗaura ba. Raina a ɓace yake, ban ma yafe masa ba tukuna. Amma yana da ƙaryar da za ta fisshe shi, bai yi ba. Ka bar kayan. A bar rigar a rataye."

"Har yaushe?"

"Har mu ga ko wane ne."

Dattijo ya ɗauki hularsa ya fita. Bai ce e ba, amma ba a mayar da kayan ba.

Damina ta sauka, gero ya yi kai, aka yanke. Barnaba ya daina turi kwata-kwata, ya rage caji da gyara, direbobi da yawa suka koma wani shago. Ya rabu da babbar wayarsa ya koma 'yar ƙarama mai tocila. Kowane mako yana gidan Fasto, kuma ba kullum yake kai labari mai daɗi ba, amma bai ɓoye ba. Ranar Lahadi yana bencin baya, bakin ƙofa inda rana ke dukan mutum. Samarin da suke cin abinci tare da shi suka dare. Briskila ko kallon inda yake ba ta ƙara yi ba.

Afiniki tana waƙa, tana ganinsa. Wata rana ta ji tausayinsa, wata rana ta ji kamar ta jefe shi da littafin waƙa. Duk Lahadin Jibi kuma mahaifinta yakan ɗauki faranti ya bi layi-layi, ya juya kafin ya kai bencin baya.

Sau ɗaya kawai ta yi masa magana, bayan sujada, Mama na tsaye nesa kaɗan.

"Tambayata tana nan, Yaya. Wa kake gani?"

"Da ban iya kallonki sosai ba, kunya ba ta bari. Yanzu nake koyo." Ya ɗago ido. "Kin rame, Afiniki. Ni na jawo."

Ta juya da sauri don kada ya ga idonta ya cika.

Ana gab da Kirsimeti dattawa suka ɗage horon. Fasto ya kira Barnaba gaba ya yi masa addu'a, ya koma layin samari. Maganar aure kuwa babu wanda ya tayar, don Dattijo ya riga ya faɗi tasa, kuma ba a san shi da janye magana ba.

Aka fara raba gurasa.

Afiniki ta kasa rufe ido. Mahaifinta ya bi layi har ya iso gaban Barnaba, ya tsaya. Barnaba ya dube shi, ya kasa ɗaga hannunsa daga kan gwiwa. Majami'a duka ta zuba ido. Mama ta kama bakin zanenta ta matse.

Dattijo bai wuce ba. Ya ƙara matso da farantin, kamar yadda ya yi a wancan karon.

"Ɗauki, ɗana," ya ce, ba da ƙarfi ba, amma an ji. "In an tashi ka gaya wa Fasto, akwai sanarwar da ya bari bai karanta ba."

Barnaba ya miƙa hannu ya ɗauka, yana kuka kamar yaro.

Ranar ɗaurin auren, Mama da kanta ta sauko da farar rigar daga bayan ƙofa. Sai da tela ya ɗan rage ta a ƙugu. Da Afiniki ta iso gaban majami'a, Barnaba ya ɗage mayafin fuskarta, ta yi magana yadda shi kaɗai zai ji.

"Wa kake gani?"

Ya dube ta sosai, bai sunkuyar da kai ba.

"Afiniki," ya ce.