Fitilar Wuyan Guguwa

Fitilar da ke wuyan Guguwa ta sauya daga kore zuwa ruwan zuma a daidai lokacin da Murja ta wuce da tukunya a hannu. Ta wuyan Tsinke ma ta bi sahu. Murja ba ta ko kalli karnukan ba, ta ma tattare bakin zanenta don kada su taɓa ta.

Mijinta, Injiniya Sadisu, yana kujerar gaba yana kallon komai ta madubi. Motar ce ke tuƙa kanta, don haka ba shi da aikin da zai ɗauke masa hankali. Irin motocin nan ne da mutanen Sabuwar Gumel ke kira kunkuru, saboda suna tafe da gidansu: gado, kicin, banɗaki, da faifan sola shimfiɗe a kan rufi. Tun da safe suka fita daga ƙarƙashin rumfar sanyin da ta lulluɓe birnin, suka nufi arewa, zuwa Gandun Hamadar Tagalal. Bazara ce, 'yarsu Nana tana hutu wurin kakarta.

Na'urar wuyan ƙirarsa ce, ya sa mata suna Majiya. Tana auna bugun zuciyar dabba da sinadaran da ke yawo a jininta, sai ta fassara su da launi. Kore na nufin kwanciyar hankali, ja tsoro, ruwan zuma kuwa shaƙuwa. Ya shirya tafiyar ne don ya ɗauki hoton bidiyon da zai nuna a taron masana: shi a kan tudun yashi, karnukansa biyu a gefensa, wuyansu yana haske.

Shi ya raine su tun suna jarirai. Jikokin karnukan farautar mahaifinsa ne, dogaye masu siririn ciki. Ya ba su madara da hannunsa, ya gina musu ɗaki mai sanyi, ya jure maganar maƙwabta. Amma tun da ya ɗaura musu Majiya, in ya kira su sai su zo suna kaɗa bindi, fitilar tana kore. Kore kawai.

"Murja, ɗan sake wucewa," in ji shi.

Ta wuce. Fitilun suka koma ruwan zuma.

"Me kike ba su idan ba na nan?"

"Me zan ba su, Abban Nana? Ni da ko inuwarsu ta taɓa ni sai na wanke ƙafa." Ta yi dariya. "Ina dai yini a gida. Suna kwanciya a bakin tagar kicin, ni kuma ina 'yan waƙe-waƙena. Wataƙila na'urarka ce ta lalace."

"Na'urata ba ta ƙarya."

"To, ka ga kenan."

Bai yi dariya ba. Ya juya yana kallon gonakin gilashi suna ƙarewa, ƙasa tana komawa fara.

A ƙofar gandun wata murya ta shigo ta rediyon motar ta karanta musu doka. Ba a fita daga hantsi zuwa la'asar sai da rigar sanyi, domin yashin yana dafa ƙwai. Suka yi zango kusa da wasu duwatsu baƙaƙe. Da yamma suka ga bareyi suna ratsa kwari, sararin sama ya yi ja kamar garwashi. Sadisu ya kafa kyamara, ya durƙusa ya rungume karnukan. Murja ta leƙo daga ƙofa ta tambaye shi ko zai sha kunun aya. A bidiyon, kawunan biyu sun juya wajenta, fitilun sun koma ruwan zuma, shi kuma yana riƙe da su kamar wanda ya aro.

Washegari bayan azahar, Murja na barci, ya buɗe kwamfutarsa.

Akwai wani sashe na Majiya da ya rufe tun a ɗakin gwaji. Na'urar ba sauraro kaɗai take yi ba, tana iya aika siririyar wutar lantarki zuwa gurbin jin daɗi a ƙwaƙwalwa. Ya ƙera shi ne don kwantar da dabba lokacin tiyata. Yanzu sai ya haɗa shi da agogon hannunsa: gwargwadon kusancin kare da agogon, gwargwadon daɗin da zai ji. Ya gaya wa kansa cewa tunatar da su kawai zai yi wanda ya raine su.

Kafin ya rufe kwamfutar, Guguwa ta taso ta ɗora haɓarta a cinyarsa. Tsinke ya kwanta a kan ƙafafunsa. Fitilun suka yi ruwan zuma mai kauri, irin wanda bai taɓa gani ba.

Ya ɗauki bidiyonsa da yammar nan, ya fito yadda yake so. Murja ta wuce da tukunya, ko kunne ba su ɗaga ba. Ya lura ta ɗan tsaya, kuma hakan ya yi masa daɗi.

"Abban Nana, ba su ci abincinsu ba," in ji Murja da gari ya waye. "Ruwan ma yana nan yadda ka zuba. Me ka yi musu?"

"Sun gane mai su ne."

"Kare ba ya barin nama don ya kalli mutum."

"Kishi kike yi?"

Ta dube shi, sannan ta koma kicin.

Wajen tsakar rana na'urar sanyaya motar ta fara tari. Yashi ya toshe matatarta, ba su kuma da wata. Akwai rumbun kayan gyara na gandun a bayan tudu na biyu, tafiyar ƙafa ce kaɗan. Sadisu ya sa rigar sanyi da hular gilashi, ya rufe karnukan a ciki, ya fita. Hankalinsa yana kan samo matatar na'urar. Bai tuna da agogon da ke ƙarƙashin hannun rigar ba.

Da ya yi nisa, daɗin ya fara janyewa daga kan karnukan, abin da ya maye gurbinsa kuwa ya fi yunwa zafi. Suka fara kuka suna kartar ƙofa. Guguwa ta daki ƙaramar ƙofar karnuka da ƙirji har sakatar ta karye, ta fice. Tsinke zai bi ta, Murja ta faɗa kansa ta rungume shi da hannu biyu, yana fizga yana yaƙushinta.

Cikin hular, Sadisu ba ya jin komai sai numfashinsa. Yana dawowa da matatar ne ya kunna rediyo, ya ji muryar matarsa a dishe.

"Guguwa ta biyo ka. Tun ɗazu nake kira."

Ya same ta a gangaren tudu na farko. Tafin ƙafafunta sun saɓule, ta ci gaba da jan ciki, sawun yana nan a yashi. Ya ɗauke ta ya zuba mata ruwan gorarsa, ya ruga da ita. Tana ta lasar hannunsa na hagu, daidai kan agogon. Kafin ya kai ƙofar mota ta daina.

Ya kwantar da ita a ƙasa. Allon kwamfuta ya nuna zuciyar ta tsaya, amma fitilar wuyanta tana nan tana ci, ruwan zuma tas. Tun jiya na'urar ta bar auna abin da ke cikin karyar, saƙon da take aikawa kawai take nunawa.

Murja ta dubi fitilar, ta dubi agogon. Jini yana bin damtsenta.

"Cire shi," ta ce.

Ya cire ya kashe. Fitilar ta mutu.

Bayan la'asar suka binne ta a gindin duwatsun. Murja ce ta kawo tsohon mayafinta aka naɗe ta. Ba ta yi masa faɗa ba. Ya kwance Majiyar wuyan Tsinke ya jefa a aljihun tebur, ya umarci kunkuru ya juya kudu.

Tsinke ya kwana a ƙarƙashin gado yana rawar jiki. Sai da rumfar birni ta fara bayyana daga nesa ya fito. Ya sha ruwa, ya tsaya a tsakiyar motar yana duban Murja, yana duban Sadisu. Sannan ya tako a hankali ya ɗora kansa a kan ƙafar maigidan.

Sadisu ya ƙi motsi. Ko yafiya ce, ko sabo, ko sauran wutar ce kare ke nema a wurin da ya saba samunta, bai sani ba. Abu ɗaya ne a duniya zai iya gaya masa, yana kuma cikin aljihun tebur, kusa da gwiwarsa. Murja tana kallonsa lokacin da hannunsa ya kai kan mariƙin aljihun.