Hannun Auta, Sunan Yaya

"Auta! Ke Auta! Fito ki ga yayanki a talbijin!"

Muryar Mama ce ta taso daga falo har ɗakin bayan gida. Auta ta tsoma burushi a gwangwanin kananzir, ta goge hannu a tsohon zanen da take ɗaurawa in za ta yi aiki, ta fito tana jan ƙafa. Ta tarar da Mama ta matso da kujera dab da talbijin, baki har kunne.

Ga Yaya nan kuwa ya hakimce cikin farin yadi, mai gabatar da shiri sai zuba masa kirari take. Babban mai zane, wanda ya zaga ƙasashe, mai tausayin marayu! Ta tambaye shi wane irin kiɗa yake so. Ya lumshe ido ya ce, "Ni fa ba na iya riƙe burushi sai da busar sarewa, mai sanyi-sanyi ɗin nan."

Saura kaɗan dariya ta ƙwace wa Auta. Yayan da in ya kunna kiɗa a mota sai tagogin maƙwabta sun yi rawa, yau shi ne mai sarewa! Ita ce mai jin sarewa a 'yar rediyonta, ita ce kuma ta zana kowane hoto da aka nuno a bayansa. Yaya ko kwalin ashana ka ce ya zana, sai ka rantse akwatin gawa ne.

Abin ya samo asali ne tun bayan rasuwar Baba, lokacin da gida ya shiga matsi. Yaya ya kwashi zanen da Auta ke yi don nishaɗi ya kai wani otal ko za a dace. Wani baƙo ya tsaya ya ce, "Kai ka zana?" Yaya ya ce e, don kada ciniki ya wuce. Daga wannan e ɗin aka fara gayyatarsa taro, daga taro sai jirgi. Mama kuma ta ce hakan ma ya fi, 'ya mace ba a yawo da sunanta a bakin duniya. Shi ke nan, suna ya zama na Yaya, ɗakin bayan gida ya zama na Auta. Ɗaki ne mai taga ɗaya da ke kallon katanga, ga warin fenti da ya kama har gashin kanta. In Yaya ya dawo daga tafiya sai ya miƙa mata waya ya ce, "Kalli inda aikinmu ya kai." Ta kalla, ta ce madalla, ta koma ciki.

Mutum ɗaya ne a waje ya san gaskiya, wato Kafinta, saurayin da ke haɗa musu firem, katakon da ake zagaye zane da shi. Shi ma ba wanda ya gaya masa, wata rana ce ya shigo da kaya ta ƙofar baya ya same ta tana zana idon wata tsohuwa, ya tsaya riƙe da katako har hannunsa ya sage. Tun daga ranar nan, firem ɗin gidan ya daina zuwa daidai, kullum da abin da zai dawo ya gyara. A haka soyayya ta shiga tsakaninsu, ta kuma yi ƙarfi, har ya turo manyansa. Yaya ne a matsayin uba, shi kuwa amsarsa ba ta canzawa: a bari ya dawo daga tafiya. In ya dawo, wata tafiyar ta taso.

Da yammacin ranar da aka nuno Yaya a talbijin, Kafinta ya zo da firem, amma fuskarsa ba walwala. Ya jingina su da bango ya tsaya a bakin ƙofa.

"Lafiya kuwa? Ko gaisuwa babu?" in ji Auta.

"Tsohuwata ta gaji, Auta. Ta ce an mai da 'yan'uwanta abin wasa, su je su dawo, su je su dawo. Ta ce in wannan watan ya mutu ba a tsayar da magana ba, in cire ki a raina, ba da yawunta ba."

"Kai kuma me ka ce?"

"Me zan ce wa wadda ta haife ni? Amma akwai hanya. Ki bar ni in buɗe baki! 'Yan jaridar nan da ke bin sa, kalma ɗaya zan faɗa musu, ya rasa dalilin riƙe ki."

"A'a! Pilis, kada ka soma."

"Haba Auta! Mutumin da ya kulle ki kamar..."

"Yayana ne! Shi ya goya ni ina ƙarama, shi ya yi ta fafutuka da Baba ya rasu. In ka tona masa asiri, Mama ka tona wa. Da wane ido zan shiga gidanka, ina sane da cewa a kan mutuncin gidanmu na taka na fito?"

Ya daɗe yana kallonta, idonsa ya kaɗa. "Wato kin zaɓe shi."

"Ban zaɓi kowa ba. Haƙuri nake roƙonka."

"Haƙurin ne ya kusa ƙarewa," ya ce, ya juya ya fita ko sallama babu. Ta zauna a kan bokitin fenti ta yi kuka mai isarta, don tana son sa, son da ba ta taɓa yi wa kowa ba, kuma ta ga alamar zai kuɓuce mata.

Washegari ta sami Yaya a falo yana karyawa, Mama na gefe. Ta durƙusa ta faɗi abin da ke tafe da ita, har ta ƙara da cewa ko ta yi aure za ta ci gaba da zana masa, ba wanda zai ji.

Yaya ya ture kofi. "Ki zana a gidan wani ƙato? Yau ya ga aiki, gobe ya ce matarsa ce, haƙƙinsa ne! Ke yarinya ce, ba ki san maza ba. A bari in dawo daga..."

"Yaya, kullum a bari ka dawo! Yaushe za ka dawo?"

"Ke! Ni kike ɗaga wa murya?"

Ta juya wajen Mama, hawaye na zuba. "Mama, ki sa baki mana."

Mama ta kawar da kai tana murza bakin mayafi. Ba muguwa ba ce, tsoro ne ya yi mata yawa, don ta ɗanɗani babu, ba ta kuma son komawa. A hankali ta ce, "Ki ƙara haƙuri, 'yar nan. Rufin asirinmu gaba ɗaya a hannunki yake. In kin tafi, mu kama wa?"

Auta ta tashi ta koma ɗakinta. Aiki ma na jiran ta, don Yaya ya yi wa wani gidan marayu alkawarin ƙawata bangon ɗakin karatunsu kyauta. Da yake ba zai iya tsayawa gaban bango a idon jama'a ba, sai aka yi dabara: ta zana komai a kan manyan alluna a gida, a je a kafa. Wannan aikin kam da zuciya ɗaya ta yi shi, ta cika allunan da tsuntsaye da jiragen ruwa da yara masu tsalle, tana yi tana share hawaye da bayan hannu. Kafinta bai ƙara kiran ta ba, kwanakin watan kuma sai ƙara tafiya suke.

Ranar kai alluna aka yi rashin sa'a, ɗaya ya gogu a mota, fenti ya kankare. Dole Yaya ya tafi da Auta, ya ja mata kunne tun a hanya: "Ke mai riƙe min kaya ce, kin ji ko? In an watse ki gyara." Da suka isa ta hango Kafinta a kan tsani yana buga ƙusa. Suka haɗa ido, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da aikinsa.

Ɗaki ya cika da yara da baƙi da masu kamara. Yaya ya riƙe busasshen burushi ya ɗan taɓa allo, aka ɗauki hoto, aka yi tafi. Ana shirin tashi ke nan sai wata 'yar yarinya siririya ta ratso mutane ta kama masa riga, da farar takarda a hannunta.

"Kawu mai zane, ka zana min mamata."

Yaya ya yi murmushin 'yan kamara. "To, kawo hotonta."

"Ba ni da hoto. Gobara ta cinye. Kuma na fara mantawa da fuskarta."

Shugabar gidan ta ce ai wannan ƙaramin abu ne a wajensa, nan da nan aka kawo kujera da fensir, kamarori suka juyo. Yaya ya zauna, ya karɓi fensir, ya juya shi, ya sake juyawa. Gumi ya karyo masa har yana ɗiga a kan takardar. Auta ta dubi tsani, ta ga Kafinta ya daina bugu, bakinsa na motsi. Ta san kalma ɗaya ta rage, ko ma ba a ce komai ba, shirun kaɗai ya isa ya gama da Yaya, ita kuma ta sami hanya. Zuciyarta ta raya mata ta tsaya kawai ta zuba ido. Amma ta dubi yayanta, ta ga yarinyar ta ƙura masa ido tana jira. Ta girgiza wa Kafinta kai, ta matsa gaba.

"Yaya, ka manta hannunka na ciwo? Kawo in ja maka layin, kai ka riƙa duba min."

Ta durƙusa a ƙasa, ta jawo yarinyar jikinta. "Gaya min, ƙanwata. In mamarki ta yi dariya, idonta rufewa yake?"

"E! Kuma tana da wushirya."

"Hancinta irin naki ne?"

"An ce irin nawa ne."

Haka suka yi ta yi, tambaya da amsa, fensir na tafiya. Inda yarinyar ta manta, sai Auta ta ɗaga haɓarta ta ara daga fuskarta. Can yarinyar ta kai yatsa ta shafa kuncin da ke kan takarda, ta ce, "Mama," ta fashe da kuka ta rungume takardar. Mata da yawa a ɗakin suka kama share ido.

Wata 'yar jarida ta miƙo makirfo. "Baiwar Allah, ke kuma wace ce? Wannan hannu haka!"

Auta ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa. "Ƙanwarsa ce. Ni ke wanke masa burushi, ɗan abin da na iya a wajensa na gani."

Wannan maganar ce ta karya Yaya. Ya san abin da ya yi mata, ya san abin da take shirin rasawa saboda shi, ga shi ta sami dama a tafin hannu amma ta rufe shi da mayafinta. Ya miƙe tsaye ya fuskanci jama'a.

"Ƙarya take yi... don ta rufa min asiri take yi. Hannuna lafiyarsa lau. Ban taɓa zana komai ba, wallahi ban taɓa ba! Duk abin da kuka gani da sunana, ita ce. Ita ce mai zanen!"

Ɗaki ya kaure da hayaniya. Auta ta kama hannunsa tana kuka. "Yaya, me ya sa? Ni ba suna nake nema ba, ƙofa kawai nake so ka buɗe min."

"Na buɗe, Auta. Ki yafe min."

Ba a wanye lafiya ba, gaskiya. An yi ta yayata shi a waya, wasu masu saye suka janye, ya yi kwanaki ko ƙofar gida bai leƙa ba. Mama ta yi kuka ta ce sun shiga uku, daga baya ta kira Auta ta riƙe hannayenta masu tabon fenti ta ce, "Tsoron yunwa ya sa na zalunce ki, 'yar nan." Ranar da Yaya ya fara fita kuwa, gidan su Kafinta ya nufa da ƙafarsa, ya durƙusa gaban tsohuwar ya ba ta haƙuri. Ta yi masa wankin babban bargo, ya shanye, sannan ta sauko aka tsayar da rana.

Kafinta ya zo da yamma, wannan karon ta ƙofar gaba. Ya zauna yana sosa ƙeya. "Sori, Auta. Da kin biye min, da yanzu na same ki, amma na raba ki da 'yan'uwanki har abada."

"Da ka same ni da rabin zuciya," ta ce tana murmushi.

An yi biki, aiki kuma bai tsaya ba. Masu saye suka dawo sannu a hankali, Yaya ya koma abin da dama ya iya, wato zaƙin baki da ciniki, yana tallata zanen ƙanwarsa da alfahari, Mama kuma ba ta rasa komai ba.

To 'yan'uwa, musamman ku manya da Allah ya ba riƙon na ƙasa da ku: kada tsoron talauci ya sa ku tsare ɗan'uwa don abin da kuke samu a hannunsa, arziki ba ya ƙarewa don an ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Ku kuma masoya, in gida ya matsa muku, kada ku nemi mafita ta hanyar tozarta naku. Auta ta sami damar kayar da yayanta ta ƙi, sai Allah ya ba ta mijin da take so, bai kuma raba ta da gidansu ba.