Keken da Ya Hau Kabari

Ranar da Wen-tsung ya shiga shagon Tsoho Liao a Taichung, abu ɗaya ya nema: keken da zai hau dutse ranar Lahadi, ya kai shi ofis ranar Litinin, kuma kada ya cinye masa albashi.

Tsohon ya dube shi kamar wanda ya shigo da kashin kare a takalmi. "Mai araha? Pei-shan, nuna masa na bayan ƙofa."

'Yarsa Pei-shan ta jawo wani koren keke mai nauyi. "Birkinsa yana kamawa ko a ruwa, tayarsa ba ta tsoron taɓo. Sauran duk ado ne. Ado Baba yake sayarwa."

"Ke fa, nawa?" in ji Wen-tsung.

"Na fi ƙarfinka, Mai Araha."

Ya sayi keken, sunan kuma ya bi shi. Kafin wata uku ta fara ce masa "Mai Arahana".

Tsoho Liao kuwa ya riga ya yi wa kansa suruki, Injiniya Fang, irin mazan nan da ke matse jiki cikin wandon roba su tuƙa keken da ya kai kuɗin mota zuwa shagon shayi, su dawo su rataye shi a bango.

"Wanda ya yi ciniki a kan keke," in ji tsohon, "zai yi ciniki a kan 'yata."

Da Wen-tsung ya hango ta a motar Fang, ya tura mata saƙo: "Na gan ki. Keke ba ya kamo mota. Na haƙura."

Ta mayar: "Sakarai. Baba ne ya tura ni. Gobe ranar da ake share kaburbura duk shekara, ruwa ya cinye hanyar kabarin Mama a kan dutse, gwiwar Baba ta ƙi. Ka zo."

Da safe suka haɗu su huɗu a gindin dutse, har da Fang. Fang ya dubi taɓon, ya dubi kekensa, ya zaro waya.

"Kawu, akwai kamfanin da ke share kabari. Har hoto suke turowa."

"Hoto," in ji Tsoho Liao. "Matar da ta yi mini jinya, in aika mata ɗan ƙwadago?"

Wen-tsung ya jawo kekensa. Ya ɗaure lauje da turare da abincin da ake ajiye wa mamaciya a bayan koren keken, ya sauke sirdi. "Maigida, hau."

Ya tura shi har sama, taɓo har ƙwauri, tsohon yana ta zagin keken.

"Nauyi kamar saniya!"

"Kai ka sayar mini."

Suka yanke ciyawa, suka danne takardu masu launi da duwatsu a kan kabarin, kamar yadda al'adarsu take. Tsohon ya kunna turare, ya yi wa matarsa magana kamar tana kicin.

"Ga shi nan. Marowaci ne, kekensa mummuna. Amma shi ya kawo ni."

Da kaka aka yi bikin Wen-tsung da Pei-shan. Fang ya aiko da furanni, ta hannun kamfani.

Da motar amarya za ta tashi, Tsoho Liao ya watsa ruwa a bayanta kamar yadda ake yi, sannan ya leƙa ta taga.

"Ku tsufa tare. In ɗayanku zai riga tafiya, kada ya ba ɗan'uwansa rata mai yawa. Hawan dutsen nan da wuya."