Mabul a Kicin ɗin Hassana

Tun da hantsi Hassana take duƙe a kicin, da tsohon katin ATM a hannu, tana lallashin wata leda mai gam ta kwanta a kan dakalin siminti inda take ajiye tukwane da kwanuka. Ta ɓare takardar bayan ledar kaɗan, ta danna, ta goge da katin. Inda iska ta maƙale ta yi kumburi sai ta huda da allura ta sake gogewa. Kafin azahar dakalin nan mai tsaga da tabon manja ya koma fari fat mai jijiyoyin toka, yana ƙyalli. Duk wanda ya leƙo daga ƙofa zai rantse mabul ne irin na gidajen manya a Sakkwato.

Dakalin yana da tarihi. Mijinta Yusha'u, manomin albasa a bakin dam na Goronyo, shi ya zuba shi da hannunsa kafin aure. Ranar jere, Gwaggo Ladidi, wadda ta riƙe Hassana a Wurno tun rasuwar mahaifiyarta, ta dube shi ta taɓe baki. Ita dama ba ta so auren ba. Alhaji Maigandi ta so, mai shagon tayil da mabul a Sakkwato, wanda ya yi shekara yana zarya Hassana tana ɓuya a ɗaka. Yusha'u ya ji zafin taɓe bakin nan, ya yi alkawari a gaban mata cewa kafin shekara zai shimfiɗa mabul. Sai gulbi ya cika ya cinye shinkafarsa ta damina, alkawari ya tafi da ruwa.

Yanzu shekara ta zagayo, Gwaggo ta aiko tana tafe, shi kuma Yusha'u ya bi motar albasa Kudu. Hassana ta san harshen Gwaggonta. Don haka ranar da ta je awon ciki Sakkwato ta ratsa layin masu kayan gini, ta sayo nadi ɗaya na ledar da kuɗin ɗinkin hularta. Niyyarta ɗaya ce: kada a wulaƙanta mata miji.

Ba ta yi lissafi da Yaya Asta ba, yayar Yusha'u, wadda gidanta ke bayan nasu amma idonta kullum yana cikin nasu. Da la'asar ta shigo aron rariya, ta tsaya cak a ƙofar kicin.

“Ikon Allah. Wanga hwa? Yaushe anka yi shi?”

“Gyara na kawai, Yaya,” in ji Hassana.

Asta ta miƙa hannu za ta ɗora kaskon da ta zo da shi mai garwashi, Hassana ta yi wuf ta tare. “Don Allah Yaya, ba a aza mai abu mai zahi.”

“To, hajiya,” in ji Asta, ta fita ba tare da rariyar ba.

Da Hassana ta faɗa mata gaskiya a lokacin, da Goronyo duka ta ji kafin magariba, Gwaggo kuma ta tarar da labarin a tasha. Shi ya sa ta yi shiru. Asta kuwa ta ɗauki shirun nan ta tafi da shi sashen Inna, mahaifiyarsu, ta haɗa shi da wani labari da wata maƙwabciya ta ba ta, wai an ga Hassana ranar Talata a layin da shagon Alhaji Maigandi yake.

Kwana biyu bayan saukar Gwaggo, Yusha'u ya dawo. Kamar kowane ɗa mai tarbiyya, sashen Inna ya fara shiga gaisuwa, kuma can ya tarar da Asta ta shimfiɗa tabarma tana jiransa.

“Kai ka aiko da kuɗɗin mabul?” ta tambaye shi tun bai sha ruwa ba.

“Wane mabul?”

Asta ta dubi Inna, Inna ta dubi ƙasa. “Tahi ka gani da idonka. Mu dai mun san abin da gonakka ta ba da bana. Kuma mun san wa ka saida mabul a Sakkwato, mun san wadda anka gani bakin shago nai.”

“Ke, bari,” in ji Inna, amma muryarta ba ta da ƙarfi. Ita ma abin ya kwana yana cin ta.

Yusha'u ya shiga gidansa. Gwaggo Ladidi ce ta tare shi a tsakar gida da fara'ar da bai taɓa gani a fuskarta ba.

“Sannu da hanya, ɗan albarka! Na ga aiki. Ashe kai mai cika alkawali na. Allah shi ƙara buɗi.”

Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce amin, bakinsa kamar ya tauna maɗaci. Daga nan ya hango dakalin ta ƙofar kicin yana walƙiya. Bai shiga ba, bai taɓa ba. Hassana ta kawo masa ruwa tana murmushi, tana ƙifta masa ido alamar za su yi magana. Shi kuwa ƙifta idon nan ya fassara shi da rashin gaskiya.

Ya same ta a bakin randa ya rage murya. “Wa ya yi wanga aiki?”

Ta waiwaya, ga Gwaggo zaune taku biyar daga inda suke, kunne a buɗe. “Malam, filis, ka bari sai Gwaggo ta tahi.”

“Kin je layin shagon Maigandi ranar Talata, ko ba ki je ba?”

Hassana ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ta gane inda tambayar ta dosa, kuma abin ya yi mata ciwo ƙwarai. “Na bi ta layin,” ta ce, don ba ta iya ƙarya ba. “Amma ba—”

Bai tsaya ya ji sauran ba. Ya ɗauki hularsa ya ce akwai ban ruwa a gona. Kwana uku yana can bukkar bakin dam, ta kira wayarsa ya ƙi ɗauka, ta tura saƙo ya ƙi buɗewa. Mutumin da ya taɓa taka ƙafa daga Achida zuwa Wurno don mota ta lalace kuma ya yi mata alkawarin zuwa, yau ga shi ya kasa taka ƙofar kicin ɗinsa. Hassana tana girki tana share hawaye da bakin zane, in Gwaggo ta tambaya ta ce albasa ce. A Goronyo wannan uzuri ba ya ƙarewa.

Ranar da Gwaggo za ta koma, ya shigo da safe, idanunsa ja. Ya kira Hassana gefe.

“Ki haɗa kayanki ki bi Gwaggo. Ki huta gida kwana biyu.”

Duk matar aure ta san abin da kwana biyun nan ke nufi. Hassana ta dafa cikinta. Kalma ɗaya za ta wanke ta, amma ga Gwaggo a ƙofar ɗaki tana ɗaure kaya, ta kwana biyar tana yabonsa. Ta haɗiye kuka ta ce, “To, Malam.” Ta shiga ɗaki ta jawo akwati.

Ana cikin haka Inna ta shigo, Asta na biye. Ko da zuciya ba daɗi, ba a barin baƙuwar suruka ta tafi ba ta ci abincin uwar miji ba. Inna ta dafa shinkafa da wake, ta ɗauko tukunyar daga kan murhun ice da tsumma, tana tafe tana hura hannu. Ta wuce kicin kai tsaye.

“Inna, ta ce ba a aza mai abu mai zahi,” in ji Asta da gatse.

“Dutse na hwa. Mi wuta za ta yi wa dutse?” Inna ta dire tukunyar a tsakiyar dakalin.

Ba a daɗe ba wani wari ya tashi, irin na takalmin roba da ya faɗa wuta. Inna ta ɗaga tukunyar da sauri, sai ga mabul ya biyo gindinta yana zare-zare, baƙi ƙirin. Inda tukunyar ta zauna ya zama zagayayyen rami, a cikinsa ga tsohon siminti yana leƙen kowa.

“Innalillahi! Dutsen ya narke!” in ji Inna.

Kowa ya taru a ƙofa. Yusha'u ya ratsa su ya shiga kicin ɗin, karo na farko tun dawowarsa. Ya sa farce a bakin ƙunar ya ja, ledar ta ɗago da ƙara. Ya ci gaba da ja har ya kai kusurwar bango, inda ranar da ya zuba simintin ya sa ƙusa ya rubuta sunan Hassana tun yana ɗanye. Sunan yana nan. Hassana ta cike duk tsagar dakalin ta goge ta yi sumul, amma ba ta taɓa rubutun ba.

Ya juyo. Hassana tana tsaye da gyale a kafaɗa, hawaye na zuba.

“Leda ta, Malam. Sitika. Da kuɗɗin hula nis sawo ta a layin nan, shago na uku, wurin wata mata. Ban so Gwaggo ta ce ka kasa ba.”

Sai Gwaggo Ladidi ta yi wata gajeriyar dariya. “Ke ɗiyan nan, ni za ki ɓoye ma? Tun randa niz zo na aza hannu. Mabul sanyi garai, wanga ko ɗumi. Na yi shiru na, don na ga ɗiyata ta san darajar mijinta, na ce lalle mijin ya cancanta.” Ta dubi akwatin, ta dubi Yusha'u, fara'arta ta ɗauke. “Akwatin ga na mine ne?”

Asta ta tuna ta bar wani abu a wuta, ta sulale. Inna ta kama hannun Hassana tana cewa, “Yahe mini, ɗiyata, na saurari abin da bai kamata ba.”

Yusha'u ya durƙusa a gaban Gwaggo, kunya ta hana shi ɗaga kai. “Ni na yi laihi, Gwaggo. Alkawalin ban cika ba, kuma na zarge ta da abin da ba ta yi ba.”

“Alkawalin dutse bai dame ni ba yanzu,” in ji Gwaggo. “Amma ka sake sa ta haɗa akwati kan maganar da ba ka bincika ba, ni da kaina za ni zo in ɗauke ta.”

Shi ya mayar da akwatin ɗaki da hannunsa. Bayan ya raka Gwaggo tasha ya dawo ya tarar da Hassana tana auna ragowar ledar a kan ƙunar. Ya tsaya yana murza hula.

“Sori, Hassana. Ki yahe mini.”

Ta gama yanke ledar. Sannan ta miƙa masa katin ATM ɗin. “Riƙe nan. Daga tsakiya aka hwara gogewa, a hankali.”

Da albasar rani ta yi kyau a shekarar, ya ce zai sayo mabul na gaske, orijina. Hassana ta ce a bar shi, a sayi injin ban ruwa. Kusurwar nan mai sunanta kuwa, shi ya roƙa a yanke ledar a bar ta a buɗe.

Zargi ba ya buƙatar hujja kafin ya rusa gida, kunne kawai yake nema. Taku uku ne tsakanin Yusha'u da gaskiya, ya ƙi yin su, har sai da ya kusa rasa matar da ta zaɓi a zarge ta a kan a raina shi. Haƙurinta ne ya riƙe auren, tukunyar Inna ta ƙarasa aikin.