Agogunan Alhaji Ashafa

Ƙafar Rilwanu ce ta daki ƙyauren. Bugu ɗaya — sakata ta tsinke, langa-langar ta kife cikin zaure. Sadisu ya tsallake ta da bindiga a ɗage. Ya'u ne na ƙarshe, don shi ya tsaya ya juya kan mashinan biyu suka fuskanci hanyar fita.

Ranar kasuwar Runka ce, hantsi ya ɗaga. Duk mai ƙafa a wannan gefen na Babban Duhu ya tafi kasuwa ko gona. Daman rabin gidajen unguwar kango ne, masu su sun gudu Batsari da Safana tun da hare-hare suka yi yawa.

A tsakar gida suka tarar da mai gidan. Tsoho ne siriri, zaune kan buzu a ƙarƙashin rumfa. Ya buɗe akwatin ƙarfe, ya jera agoguna kan farin tawul, yana murɗa su yana yi musu wani, ɗaya bayan ɗaya. Bai zabura ba. Ya dube su ta saman tabarau.

"Da sallama kuka yi ma, da na buɗe muku," in ji shi. "Tun sallar layya ba wanda ya tako gidan ga."

Shi ne Alhaji Ashafa. Da ƙuruciyarsa ya yi shekaru a Jidda yana aiki a shagon wani mai sayar da agogo. Da ya dawo gida bai zo da zinariya ba, da agoguna ya zo: Omega, Rado, Seiko, duk masu wani, babu mai batir ko ɗaya. Matarsa ta rasu. 'Yarsa guda, Hadijatu, tana aure a Batsari, ta yi roƙon duniya ya koma wurinta, ya ce shi ba zai kwana a gidan suruki ba.

Harkar ta faro ne a tashar Batsari, a bencin wani mai shayi. Can wani dillali daga Kano mai suna Zainulabidin ya samu Sadisu. Mutum ne mai tsabta da ƙamshin turare, sana'arsa bin ƙauyuka yana sayen tsofaffin agoguna a hannun magada. Ya ce akwai attajirai a Legas da Dubai da Turai da ba su da abin so kamar tara irin waɗannan, har rige-rige suke yi a gidajen gwanjo. Ya je wa tsohon sau da yawa, ya taya, ya ƙara, tsohon ya ce nasa ba na sayarwa ba ne. Daga nan sai dillalin ya ja Sadisu gefe, ya nuna masa wani hoto a waya, suka yi ƙus-ƙus.

Da Sadisu ya dawo benci wurin Rilwanu da Ya'u, cewa ya yi aiki ne mai sauƙi, kamar ɗaukar ƙwai a akurki. A kwashe masu ƙyalli, a raba uku.

Rilwanu ya yarda nan take, shi ko me aka ce da bindiga yana so. Ya'u kuwa sabon shiga ne. Shi ɗan Ruma ne, manomi a da. Ranar da aka ƙone ƙauyensu yana kasuwa, ya dawo ya tarar babu uwa, babu ƙane, babu rumbu. Matarsa ta tsira, amma iyayenta suka tafi da ita, daga baya aka raba auren. Ya koma acaɓa, a shagon wani mai faci yake kwana. Sadisu ne kaɗai ya taɓa tambayarsa ko ya ci abinci. Don haka da aka ce ana neman mai iya mashin a daji, bai iya cewa a'a ba.

Yanzu ga shi tsaye a gidan tsoho, rawani ya rufe masa fuska, gumi na bin bayansa.

Rilwanu ya tattare tawul ɗin da abin da ke kai ya cusa a jaka. Tsohon ya ce ya yi a hankali, gilashinsu ba ya son gogayya. Sadisu ko kallon jakar bai yi ba. Idonsa na kan hannun hagun tsohon.

Agogo ne na farin ƙarfe, duk ya sha jiki. Fuskarsa da can baƙa ce, rana da shekaru sun koɗar da ita ta koma launin shayi. Sarƙarsa ta saki. A kasuwar Runka ba wanda zai waiwaye shi.

"Ciro wannan, Baba."

"Ɗana, ku tafi da na jakar, na yafe muku. Wanga maigidana ya ɗaura mani shi da hannunsa ranar da zan baro Jidda. Ba na cire shi sai in zan yi alwala."

Sadisu ya sake faɗa. Tsohon ya rufe agogon da tafin damansa, ya girgiza kai.

Gindin bindiga ya sauka a gefen kansa — ƙum! Tabarau ya yi tsalle. Tsohon ya kife kan buzu. Sadisu ya durƙusa, ya ɓalle agogon, ya jefa a aljihun gaba.

"Wannan tarkace ne, ni zan riƙa ɗaurawa," ya ce. "Mu ware!"

Suka yi waje. Ya'u ya tsaya. Jini na bin farin gemu, leɓen tsohon na motsi. Ya matsa kusa, ya ji ruwa yake nema. Ya ɗebo a randa da moɗa, ya tallafo kansa, tsohon ya kurɓa kaɗan, sauran ya zube a wuyan riga. Ba shi da nauyi ko kaɗan, kamar damin kara. A waje Sadisu ya tayar da mashin yana danna ham. Ya'u ya kwantar da kan a hankali, ya ajiye moɗar kusa da hannunsa, ya fita a guje.

Sai bayan azahar wata maƙwabciya, Zinariya, ta dawo daga gona ta ga ƙyaure a ƙasa. Ta leƙa, ta yi salati, ta fito tana neman mutane. Babu kowa. Sai da ta hau kan wani dutse a bayan gari kafin wayarta ta samu sabis.

Insifekta Sharhabilu ne ya zo daga Safana da mota a-kori-kura da 'yan sintiri a kan mashina. Ya tarar rai ya yi halinsa. Ya rufe gawar da bargon da ya samu a ɗaki, ya dubi akwatin da babu komai ciki, ya fito ya duƙa kan sawun taya. Damina ce, an sha ruwa da asuba, laka ta riƙe komai. Sawun ya nufi hanyar Ruma. Ya ce wa mutanensa rafin da ke tsakani ya kawo, duk wanda ya bi nan da mashin sai ya jira ruwa ya janye. Mota ba za ta shiga ba. Ya bar ta, ya hau bayan wani ɗan sintiri.

Gaskiyarsa. Rafin ya cika ya batse, jan ruwa na tafe da itace da kara. 'Yan fashin sun ɓuya a cikin wata gonar dawa da aka yi watsi da ita, suna jira. Mashin ɗin Ya'u ya sha ruwa a wani kwazazzabo, ya yi ta bugawa ya ƙi tashi. Saura na Sadisu.

Zaman jira ne ya ɓata komai. Rilwanu ya zazzage jakar yana ɗaga agogunan ɗaya-ɗaya, yana kara su a kunne. Can sai ya daina. Ya ce shi fa ya tuna, ranar da dillali ke nuna hoto ya hango wayar ta gefen ido. Abin da ya gani ba mai ruwan gwal ba ne. Farin ƙarfe ne mai koɗaɗɗiyar fuska.

Sadisu ya yi dariya, ya ce ƙwaya ce ke gaya masa ƙarya.

"Oga, ba na cikin maye. Fito da shi mu gani. In tarkace ne, ba ni, ka riƙe jakar duka."

Babu wanda ya motsa. Ya'u ya ji ruwa na gurnani a bayansu. Sadisu ya san abin da su ba su sani ba: dillalin ya gaya masa cewa tsohon Rolex ne na masu nutso a teku, irin wanda ba a taɓa gogewa ko canza masa komai ba, kuma koɗewar nan ita ce masu tarawa ke hauka a kanta. Shi kaɗai ya fi duk abin da ke jakar, ya fi gidan, ya fi gonakin unguwar.

Rilwanu ya kai hannu ga wuƙarsa. Bai kai ga zare ta ba.

Tau! Tau!

Ya faɗi da baya cikin dawa, idonsa a buɗe. Ya'u ya juya zai ruga — ta uku ta same shi a cinya, ƙafar ta lanƙwashe. Ya faɗi yana kallon Sadisu, yana jiran ta huɗu.

Sadisu ya tsaya a kansa. Sai ya saɓa bindigar, ya ce, "Kai ba ka da wanda za ka gaya wa." Ya hau mashin, ya bi gefen rafi yana neman mashigi ta sama. Ko jakar bai ɗauka ba.

Ƙarar mashin ta yi nisa, ta ɓace.

Ya'u ya kwance rawaninsa ya ɗaure cinyar. Ya ja jiki ya jingina da kunyar gonar. Ga gawar Rilwanu, ƙudaje sun fara sauka. Ga agoguna warwatse a laka, masu ruwan gwal da masu ruwan azurfa, kowanne na ta ƙyas-ƙyas ɗinsa. Ya ciro wayarsa, akwai sabis sanda ɗaya. Ya bi sunayen da ke ciki: mai faci, mai sayar da fetur a kwalba, fasinjojin da ba su san sunansa ba sai "mai mashin". Lambar uwarsa na nan, bai taɓa gogewa ba. Ya kai ƙarshe, ya koma farko. Sai ya kife wayar a ƙirji.

Ya yi tunanin rarrafawa ya shige daji. Ya yi tunanin rafin. Daga baya ya bar tunani, ya zuba wa sama ido, hadari na haɗuwa ta gabas. Da ya ji mashina na tahowa gab da la'asar sakaliya, abin da ya ji a ransa ya ba shi kunya: daɗi ya ji, za a zo a same shi.

'Yan sintiri suka yi kansa da gora. Insifekta Sharhabilu ya daka musu tsawa, ya shiga tsakani. Ya tsuguna ya duba raunin, ya tambaye shi sunansa da garinsu. Ya'u ya faɗa. Kafin a tambaye shi sauran, ya faɗi komai: Sadisu, dillali, da masaukin baƙin da za su haɗu a Katsina. Sa'an nan ya tambaya ko tsohon ya tashi. Insifekta ya dube shi kawai, ya ce a ɗora shi a mashin.

Washegari da rana Sadisu ya isa masaukin. Zainulabidin ya tarbe shi da fara'a, ya sa aka kawo masa lemo mai sanyi da gasasshiyar kaza. Ya karɓi agogon, ya juya shi a tafin hannu, ya duba da ƙaramin madubi, numfashinsa ya canza. Ya ce bari ya kai wa mai buɗewa a nan bayan layi a tabbatar da cikinsa, yanzu zai dawo da kuɗi a jaka. Har ya bar hularsa da makullin mota a kan tebur.

Makullin ba na kowace mota ba ne. Sadisu na zaune yana suɗar ƙashi 'yan sanda suka turo ƙofa. Dillalin kuwa ba a sake ganinsa ba. Layinsa a kashe, shagon da ya ce nasa ne a Kano babu wanda ya san shi. Agogon ya bi shi, wataƙila yana can cikin akwatin gilashi a wata ƙasa mai sanyi, a hannun wanda bai taɓa jin sunan Babban Duhu ba.

Rilwanu, hukuma ce ta binne shi, babu dangin da suka zo. Sadisu ya samu hukuncin kisa. Ya'u ya rasa ƙafar, don kafin a kai shi asibiti ta riga ta lalace, kuma aka yanke masa shekarun da zai fito da furfura, in ya fito.

Ranar da aka yanke hukuncin, ana fito da shi zuwa motar gidan yari yana dogara sanda, wata mata mai dogon hijabi ta roƙi gandiroba ya ba ta minti ɗaya. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Ta ce ita ce Hadijatu, 'yar tsohon. Ta ce ta ji a kotu cewa shi ne na ƙarshe da ya fita daga gidan.

"Abu ɗaya nake so in sani, don Allah kada ka ɓoye mani. Baba ya samu yin kalmar shahada?"

Ya'u ya ga yadda take riƙe da bakin hijabinta. Kalma ɗaya za ta ishe ta har ƙarshen rayuwarta, kuma babu mai ƙaryata shi.

"Hajiya, ban sani ba," ya ce. "Da ransa na fita. Shi kaɗai na bar shi."

Ta dube shi. Sai ta gyaɗa kai, ta ce, "Ni ma haka na bar shi."

Ta juya ta nufi bakin titi neman motar Batsari. Gandiroba ya kama shi ta hammata ya tura shi ciki, aka ja ƙofa aka rufe.